Yadda na bi sawun abin da ya hana motata kashe kanta a danja

Ranar da na karɓi motar, ko gida ban kai ta ba. Danjar farko da ta tsayar da ni a titin Zariya, ina danna birki sai injin ya yi tsit. Gabana ya faɗi, domin kuɗin da na shekara uku ina tarawa ne na zuba a kanta. Na ɗaga ƙafa daga birki da niyyar in sake tayarwa, kafin hannuna ya kai ga makunni ta tashi da kanta. Na gangara gefen titi na kira dillalin. Ya ce, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai haka ƙirarta take. Duba kusa da giya, za ka ga wani maɓalli mai harafin A da kibiya ta zagaye shi. In ba ka so, danna shi."

A ƙarshen 2022 ke nan. Motar ƙirar Jamus ce ta 2015, otomatik, tokunbo, ta Legas ta shigo. Watanni na yi ina danna wannan maɓalli duk safiya, don motar ba ta riƙe zaɓinka, kana kashe ta ka sake tayarwa tsarin ya dawo. Abin da ya sa na daina dannawa kowa ya san shi. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Daga nan na fara kallon tsayuwar da nake yi a danja da wani ido. Daga gidana zuwa wurin aiki bai fi kilomita bakwai ba, amma in na haɗa danjoji da cunkoson 'yan adaidaita, mintunan da nake yi a tsaye injin yana silo ba kaɗan ba ne. Ƙaramin injin fetur irin nawa yana iya shan fiye da rabin lita a awa guda yana tsaye ba ya zuwa ko'ina. Na bar motar ta riƙa yin abinta, har kunnena ya saba da shirun.

Saboda haka da ta daina, nan da nan na lura. Ba rana ɗaya ta daina ba. Da farko sai ta kashe a wannan danja ta ƙi a ta gaba. Daga baya in ta kashe, ko daƙiƙa goma ba ta yi sai ta tashi, ƙafata na kan birki ban motsa ba. Zuwa watan Maris na 2024, kullum alamar A ɗin da ke dashbod da layi a gicciye a kanta. Babu wata fitilar gargaɗi, motar tana tashi da safe, tana tafiya lafiya. Maiɗakina ma cewa ta yi, "To ai hutu ka samu, dama ni mutuwar nan da take yi a tsakiyar titi ba ta kwanta min ba." Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Ruwa ba ya tsami banza, mota ba ta barin abin da ta saba yi haka kawai.

Zargina na farko zafi ne, don Maris a Kano ba wasa ba. Littafin da ya zo da motar ba da Turanci yake ba, sai da ƙanena ya samo min na Turanci a intanet. A nan na ga ashe kafin motar ta yarda ta kashe injin, sharuɗɗa ne da yawa sai sun cika gaba ɗaya. Dole direba ya ɗaura bel, ƙofarsa a rufe, bonet a rufe. Dole injin ya ɗau zafinsa na aiki. Kada a karya sitiyari sosai, kada motar ta tsaya a gangare ko hawa mai tsanani, kada ta kasance a ribas. Sannan cikin motar kada ya yi nisa da sanyin da ka nema a esi, domin kwamfuresan esi da bel injin yake juya shi, injin na tsayawa sanyi ya tsaya. Akwai kuma iskar da ke sa birki ya yi laushi, wadda injin ne yake zuƙo ta, in ta ragu motar tana tashi da kanta. Na ƙarshe a jerin, wanda na karanta na wuce ban tsaya a kai ba, shi ne cajin batir da zafinsa.

Na ware wata Asabar. Bayan sallar asuba na fita, gari da sauran sanyi, na kashe esi da fanka da rediyo, na ɗaura bel, na yi tafiyar minti ashirin har injin ya ɗau zafi. Na sami fili mai shimfiɗe na tsaya, sitiyari a miƙe, na danne birki da kyau, don a wasu motocin in ka taɓa birkin sama-sama ba sa kashewa. Ba ta kashe ba. Na buɗe ƙofa na rufe, na cire bel na mayar, ina kallon dashbod don in tabbatar motar tana ganin kowanne. Tana gani. Na sauka na buɗe bonet na sake rufewa da ƙarfi. Duk da haka A ɗin yana nan da layinsa. Sai na shiga allon rediyo, wurin da ake duba halin da motar take ciki, na tarar da ɗan gajeren saƙo, ma'anarsa wai buƙatar wuta ta yi yawa. Ni kuma babu abin da ban kashe ba.

Na kai wa bakanikena. Mutumin kirki ne, shekaru muna tare, kuma a kan injin da ƙafafun mota ban da haufi a kansa. Ya saurare ni ya ce, "Alhaji, wannan abin na ƙasar Turawa ne. Ka ga wannan 'yar wayar da ke kan batir? Zare ta kawai muke yi, motar ta daina wannan mace-macen gaba ɗaya. Kik ɗinka ma ya huta." Na ce, "Malam, ai ba so nake ta daina ba, so nake ta dawo." Ya yi shiru, ya ce ni ne mutum na farko da ya zo masa da wannan buƙata.

Maganarsa ta farko akwai gaskiya a ciki. Turai ce ta yaɗa wannan tsari. A 2009 Tarayyar Turai ta kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage hayaƙin da sababbin motocinsu ke fitarwa zuwa matsakaicin giram 130 a kowace kilomita nan da 2015, kuma kashe injin a tsaye yana cikin hanyoyi mafi sauƙi na rage shi. Shi ya sa motocin Turai na wancan lokaci, waɗanda su ne yanzu suke cika garejojinmu, da yawansu suke da shi. Amma tsoron da ake yi wa kik, wato na'urar da ke tayar da injin, bai kai yadda ake faɗa ba, domin motar da aka ƙera da wannan tsari kik ɗinta ma an ƙarfafa shi don yawan tayarwa. Zare wayar kuwa ban yarda ba, kuma daga baya na gode Allah da ban yarda ba. 'Yar na'urar nan da ke manne a kan batir na nagetif, wadda masu gyara ke kira sansa, ita ce take auna wutar da ke shiga batir da wadda ke fita, da ƙarfinta, da zafin batirin. Da abin da ta faɗa ƙwaƙwalwar motar take yanke yadda za ta caja batir. In ka zare ta, ka rufe wa motar ido ne, ba gyara ka yi ba.

Da ya ga na dage, sai ya ɗauko mita ya ɗora a kan batir injin yana aiki. Ta nuna bolt 12.7. Ya girgiza kai ya ce altaneta ce ta gaji, wato na'urar da ke cajin batir, lafiyayyiya 14 take bayarwa. Har ya kira wani a Ƙofar Ruwa ya tambayi farashin ta Beljiyam. Saura ƙiris in biya. Abin da ya tsayar da ni shi ne, fitilar batir ba ta taɓa kamawa ba, kuma motar da altanetarta ta mutu ba ta yin wata guda tana yawo. Na ce ya ba ni kwana biyu.

A hanya na sayi mita tawa, da kuma ɗan abin nan da ake sokawa a ramin cajin waya yana nuna ƙarfin wuta. Na sa ƙanena ya zauna a gefe yana karanta min lambobin ina tuƙi. In na taka totur sai wutar ta sauka wajen 12 da ɗoriya. Ina ɗaga ƙafa ko na fara taka birki, sai ta haura 14.5, wani lokaci har kusa da 15. Da na nemi bayani na gane haka aka tsara ta. A irin waɗannan motoci altaneta ba ta ba da wuta iri ɗaya kullum kamar ta tsofaffin motocinmu. Ƙwaƙwalwar motar tana sassauta mata lokacin da injin ke ja, don a rage shan mai, sannan ta ɗora mata nauyi lokacin da motar ke gangarawa ko rage gudu, a kwashi wutar a banza. Wanda bai san wannan ba, in ya ɗora mita a lokacin da aka sassauta mata, zai rantse ta lalace. Ina jin altaneta masu lafiya da yawa an cire su an jefar a garin nan saboda wannan, kuma abin yana damuna, don kuɗin mutane ne.

Washegari da sassafe, kafin in tayar da motar, na auna batirin bayan ya kwana. Bolt 12.1. Batir mai cikakken caji yana nuna wajen 12.6 ko sama kaɗan, 12.4 ya ragu amma da dama, 12.2 kuwa kusan rabi ke nan. Na sa ƙanena ya tayar ina kallon mita, wutar ta faɗi ƙasa da 10 kafin ta dawo. A nan na tuna da abin da na manta. A daminar 2023 batirin da motar ta zo da shi ya mutu wata safiya ina sauri. Na aika yaro kasuwa da tsohon, aka ba shi sabo mai girma ɗaya, amfiya 70, aka ɗaura, motar ta tashi, na ci gaba da harkokina. Ban tambayi wane iri ba ne, don ban ma san batir yana da iri ba.

Wani abokin aikina ya kwatanta min wani mai wayarin mota da ke da kwamfutar duba irin waɗannan motoci. Matashi ne, ba shi da yawan magana. Ya soka na'urarsa a ƙasan sitiyari. Babu wata matsala da motar ta rubuta a kan tsarin, kuma ya ce dama ba lallai a samu ba, domin a wurin motar ba lalacewa ba ce, ƙin yarda ne. Sai ya buɗe shafin da ke nuna abin da sansa take gani a lokacin, ya juyo min da allon. Cajin batirin bai kai kashi 60 cikin ɗari ba. Ya ce, "Yallaɓai, in ta kashe injin a danja da wannan cajin, fitilu da fanka da rediyo duk a kan batir za su koma. Ba ta da tabbacin zai iya tayar da ita. Gara ta ƙi kashewa da ta bar ka a tsakiyar titi."

Ya buɗe wani shafin kuma, inda bayanin batirin yake a rubuce. Har ranar, motar tana ɗauka batirin da ta baro Turai da shi ne a jikinta, nau'in EFB. Wanda ke jikinta kuwa batir ne na gama-gari. Ya yi min bayani a tsaye a bakin bonet. Batirin gama-gari an yi shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi sau ɗaya, a tayar, sannan altaneta ta cika shi ya zauna a cike. Motar da ke kashe kanta kuwa tana jan batir ta mayar sau da yawa a tafiya ɗaya, kuma da gangan take barin sa bai cika fal ba don a sami wurin zuba wutar da ake samu lokacin birki. Batirin gama-gari ba ya jure wannan, nan da nan yake gajiya. Shi ya sa aka yi EFB da AGM. EFB mai ruwa ne amma an ƙarfafa farantansa, AGM kuma ruwansa a tsotse yake cikin wani abu kamar auduga ta zaren gilashi, ya fi juriya ya kuma fi tsada. Motar da ta zo da EFB ana iya sa mata AGM, amma wadda ta zo da AGM ba a mayar da ita baya. Sannan duk wanda aka sa, sai an shaida wa motar da kwamfuta cewa an canja, a rubuta mata nau'insa da girmansa, domin tana caja tsohon batir daban da yadda take caja sabo.

Na ɗauka an gama, na ce a kawo batir. Ya ce tukuna, wata takwas ya yi kaɗan ko ga batirin gama-gari, yana so ya ga ko akwai abin da ke shan wuta da dare. Ya haska kan batir na nagetif da tocila, ya nuna min wata siririyar baƙar waya da aka ɗaure kai tsaye a jikin kan batirin, ta gaban sansa. Wayar na'urar bin sawun mota ce da na sa aka ɗaura min saboda ɓarayi, kuma da ita aka haɗa kyamarar gaban gilashi. Duk wutar da suke sha ba ta bi ta cikin sansa, don haka lissafin motar ya daɗe da karkacewa. Ya haɗa mita a tsakanin batir da wayarsa, ya kulle motar da bonet a buɗe bayan ya danne makullin bonet ɗin don ta ɗauka a rufe yake, muka zauna a benci muna jira ta yi barci. Sai da muka yi fiye da rabin awa. Ya ce lafiyayyiyar mota in ta yi barci ba ta wuce miliamfiya 50. Tawa ta tsaya a kusan 300. Ya zare kyamarar, lambar ta faɗo ƙasa da 50. Ashe kyamarar ba ta mutuwa in an kashe mota, kwana take tana ɗaukar bangon gidana. In ka lissafa, awa goma sha biyu na dare ta janye wa batir fiye da amfiya uku, ni kuma tafiyar kilomita bakwai da esi a kunne ba ta isa ta mayar da abin da aka janye ba. Kullum batirin a kan bashi yake kwana.

Ya mayar da kyamarar kan fiyus ɗin da ke mutuwa tare da makunni, ya ɗauke baƙar wayar daga kan batir ya ɗaure ta a jikin bodi. Ya kuma ja min kunne a kan abu guda da ban taɓa ji ba: in za a haɗa wa motar batirin wata don a tayar da ita, ko za a sa mata caja, baƙar waya a jikin bodi ake maƙala ta, a wurin da aka tanada, ba a kan batir ba, don wutar ta bi ta sansa a lissafa da ita.

Samun batirin ya ci min kwana uku. Shaguna da yawa duk batirin da aka rufe samansa sai su ce maka shi ne, alhali rufaffen sama ba shi ke sa batir ya zama EFB ko AGM ba, sai an rubuta a jikinsa. Na tsaya a kan EFB, irin wanda motar ta zo da shi, saboda batirina a cikin bonet yake kusa da zafin injin, kuma AGM ba ya son zafi mai yawa. Na tafi da mitata. Na farkon da aka fito min da shi 12.3 ya nuna, alamar ya daɗe a ajiye, na ce a canja. Na biyun ya nuna 12.6, mai wayarin ya gwada ƙarfin tayarwarsa da nasa abin awon ya ce ya yi. Kuɗinsa ya kusa ninka na gama-gari. Ya ɗaura, ya goge kawunan, ya rubuta wa motar sabon bayani.

Na fito daga garejin da murna, na tsaya a danjar farko, ba ta kashe ba. Ta biyu ma haka. Na kira shi raina a ɓace. Ya ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ka kai ta gida ka kulle ta, kada kowa ya buɗe ta har gobe. Sansa tana buƙatar batirin ya huta na wasu awanni kafin ta gane ainihin cajinsa." Na yi yadda ya ce, har na karɓe makullin daga inda yara suke ɗauka. Da safe na bi ta Gyaɗi-Gyaɗi, injin ya ɗau zafi, danja ta tsayar da ni, na danne birki. Allurar injin ta sauka ƙasa, A ɗin ya fito babu layi. Sai ƙarar babura kawai nake ji ta gilashi.

Na koma wurin bakanikena na ba shi labari duka, musamman zancen altaneta. Ya sa aka ɗauko mitarsa muka zaga tare yana kallon yadda wutar ke hawa da sauka, ya ce akwai wata mota a garejin da yake shirin cire wa altaneta a satin, zai fara kai ta a duba ta da kwamfuta.

Har yanzu akwai lokutan da ba ta kashewa, amma yanzu na san dalili. Da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, esi yana ta fama, ba ta ko gwadawa, in ma ta kashe ba ta jimawa take tashi don sanyin cikin motar ya fara gudu. In ta kwana biyu ba a hau ta ba, sai mun yi 'yar tafiya kafin ta fara. Ni ma akwai inda nake hana ta da kaina. In na shiga cunkoson wajen Kantin Kwari, inda ake matsawa taku biyu a tsaya, danna maɓallin nake yi, domin kashewar daƙiƙa uku ba ta rage mai, batir kawai take wahalarwa. A danjojin da na san ana daɗewa nake barin ta. Mitar kuma tana cikin aljihun mota, duk Asabar ta farkon wata nakan auna batirin da safe kafin in tayar, in rubuta lambar a bayan littafin motar. Awon ƙarshe 12.5 ya nuna.